Yadda Ɗalibi Zai Zaɓi Tsarin Abinci a Jami'ar Amurka, Ya Kuma Ciyar da Kansa a Hostel

Da zarar an fara shirin tafiya karatu Amurka, tambaya ɗaya ce ke yawan dawowa daga ɗalibai da iyayensu: makaranta ta turo saƙo a zaɓi tsarin abinci kafin rana kaza, wanne za a ɗauka? Wanda ya saba da hostel ɗin BUK ko na Samaru, inda kowa ke da rishonsa da tukunyarsa a ƙarƙashin gado, zai tarar da abin ya sha bamban. A can ana biyan kuɗin abincin zango guda tun farko, tare da kuɗin ɗaki, a loda shi a katin shaidar ɗalibi. Duk lokacin da za ka shiga ɗakin cin abinci sai ka goga katin. Abin da ba ka ci ba kuwa ba a mayar maka da kuɗinsa. A yawancin jami'o'i kuɗin yana kamawa daga dala 2,000 zuwa 3,500 a zango, saboda haka kuskure a nan yana da tsada. Ga matakan a jere.

1. Fara gano ko tsarin dole ne

Jami'o'i da yawa suna wajabta wa ɗalibin shekarar farko da ke kwana a hostel ya sayi tsarin abinci, wasu ma su ce sai babba. Shiga shafin sashen abinci na makarantar, ka karanta yarjejeniyar ɗaki da abinci har ƙarshe. Abu uku za ka fitar ka rubuta a takarda: waɗanne tsare-tsare aka yarda ɗan aji ɗaya ya ɗauka, wace rana ce ta ƙarshe da za a iya canzawa, sannan yarjejeniyar ta zango ɗaya ce ko ta shekara.

Gargaɗi: idan ba ka zaɓa ba har wa'adi ya cika, makarantar za ta zaɓa maka, kuma sau da yawa ba mafi arha take ɗora maka ba. Idan tallafin karatu ne ke biya maka, ka tambayi ofishin kuɗi wane tsari tallafin ya ɗauke. Wanda ya haura wannan, cikon daga aljihunsa zai fito.

2. San ire-iren tsarin

Sunayen suna bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma ba sa wuce huɗu.

Na farko shi ne mara iyaka: ka shiga sau nawa ka ga dama muddin ƙofa na buɗe. Shi ne mafi tsada.

Na biyu na mako ne: ci 19, ko 14, ko 10 a mako. Lissafin 19 ɗin shi ne sau uku a rana daga Litinin zuwa Juma'a, sau biyu Asabar da Lahadi, domin a ƙarshen mako ana haɗa karin kumallo da abincin rana a yi su da hantsi. Matsalar wannan tsari ita ce duk cin da ya rage a ƙarshen mako ya ƙone, ba ya tsallakawa mako na gaba.

Na uku na dunƙule ne: a ba ka ci 150 ko 200 na zango gaba ɗaya, ka kashe yadda kake so. Yau ka ci sau uku, gobe ko sau ɗaya, babu asara, sai dai ragowar tana ƙonewa a ƙarshen zango.

Na huɗu kuɗi ne zalla da ake lodawa a kati, dalar abinci, wadda ake kashewa a kantunan cikin makaranta da wuraren shan shayi da kofi. Yawanci ana haɗa 'yar kaɗan daga cikinta da kowanne daga cikin ukun farko. A wasu jihohin ba a cire harajin saye a kanta. Makarantu da yawa suna barin ragowarta ta tsallaka daga zangon farko zuwa na biyu, amma ta ƙone a watan Mayu.

3. Ƙirga cin da za ka yi da gaske

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma yawanci ƙauna ce ke jawo shi. Uwa ba ta son ɗanta ya ji yunwa a ƙasar da ba shi da kowa, sai a ɗauki mafi girma. Amma ciki ba ya bin abin da aka biya, jadawalin darasi yake bi.

Ɗauki jadawalinka ka zana kwana bakwai, kowace rana gida uku. Sa alama a gidan da ka tabbata za ka taka da ƙafarka zuwa ɗakin cin abinci. Ka yi wa kanka adalci wajen karin kumallo: wanda ke da darasi ƙarfe 8 na safe, a garin da dusar ƙanƙara ke zuba daga Disamba zuwa Maris, da wuya ya yi tafiyar minti goma saboda ƙwai da burodi. Shayi zai haɗa a ɗaki. Duba kuma ranar da darussa suka jeru daga 11 zuwa 2, da ranar Juma'a idan masallacin yana nesa ko ana raba abinci bayan salla. Sannan duba lokacin rufewa. Da yawan ɗakunan cin abinci suna rufewa tsakanin 8 da 9 na dare, kuma mutanen can tun 6 na yamma suke cin abincin dare. Wanda ya saba cin tuwo bayan Isha'i zai sha zuwa ya tarar an kulle.

Mutum da yawa idan suka yi wannan lissafi tsakani da Allah, tsakanin 10 da 14 suke tsayawa.

4. Raba kuɗin ka ga farashin kowane ci

Cire dalar abinci daga jimillar kuɗin, abin da ya rage ka raba shi da adadin cin da ka ƙirga, ba adadin da aka rubuta a talla ba. Zango mako 15 ne ko 16. Ga misali da ƙirƙirarrun farashi, don a ga yadda lissafin yake:

Mara iyaka, dala 3,200, da dalar abinci 100 a ciki. Saura 3,100.
Na mako mai ci 14, dala 2,900, da dalar abinci 200. Saura 2,700.
Na dunƙule mai ci 150, dala 2,400, da dalar abinci 300. Saura 2,100.

Ɗalibin da ke ci sau 12 a mako, cinsa 180 ke nan a mako 15. A tsari mara iyaka kowane ci ya tsaya masa a kan dala 17 da 'yan kai. A na mako dala 15. A na dunƙule dala 14, sai dai ci 30 zai gaza, wanda dalar abinci 300 da ɗan girkin ɗaki za su cike. Ya tsira da dala 800 ke nan a zango ɗaya, idan aka kwatanta da tsari mara iyaka. Amma ɗan ƙwallo ko mai yawan motsa jiki da ke ci sau 19, cinsa 285 ne, kowanne bai kai dala 11 ba a tsari mara iyaka, kuma shi ne daidai da shi.

Gargaɗi: kada ƙaramin tsari ya ruɗe ka don kuɗinsa ya fi ƙanƙanta. Sau da yawa tsakanin ci 10 da ci 14 bambancin bai taka kara ya karya ba, ta yadda kowane ci a ƙaramin ya fi tsada. Sai an raba ake ganewa.

5. Bincika halal kafin ka biya

Ga Musulmi wannan matakin yana iya rushe duk lissafin baya. Babu amfanin tsari mara iyaka idan abin da za ka iya ci bai wuce ganye da soyayyen dankali ba. Yawancin jami'o'i kamfani suke ba wa kwangilar abinci, irin su Sodexo da Aramark da Chartwells, kuma suna wallafa jerin abincin kowace rana a intanet. Buɗe na mako biyu ka ƙirga ranakun da akwai abin da zai riƙe maka ciki.

Rubuta wa jami'in kula da abinci mai gina jiki na makarantar, kusan kowace babbar jami'a tana da shi. Tambaye shi: akwai wurin da aka keɓe wa naman halal? A wane ɗakin cin abinci yake, kuma kullum ne ko wasu ranaku? Wa ya tabbatar da yankan? Hukumar IFANCA tana cikin sanannun masu ba da shaidar halal a Amurka. Shin tukunya da kasko da cokalin zubawa daban suke? Bayan haka ka nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSA, ta makarantar. Su suke ci kullum, su za su faɗa maka abin da takarda ba ta faɗa ba.

Akwai kalmomin da dole idonka ya saba da su a jikin allo da kwali, domin duk alade ne ko ana yawan yin su da shi: pork, ham, bacon, pepperoni, salami, prosciutto, lard. Gelatin da ke cikin alewa mai danƙo da wasu yogot galibi daga alade ake samo shi. Wake da miyar ganye ma akan sa musu gutsuren alade don ƙamshi, wasu miyoyin taliya kuma da giya ake haɗa su. Kada ka ji nauyin tambayar ma'aikacin da ke zubawa, sun saba.

Idan ya tabbata makarantar ba za ta iya ciyar da kai ba, kana iya neman a rage maka tsarin ko a cire ka saboda dalilin addini. A rubuce ake nema, kuma gara a yi kafin zango ya fara.

6. Sa azumi da hutu a lissafi

A 2026 azumi ya kama a tsakiyar Fabrairu, kuma yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, wato a shekarun nan cikin zango na biyu zai riƙa faɗowa. Buɗa-baki ba matsala ba ne, rana tana faɗuwa ɗakin cin abinci na buɗe. Sahur ne babu. Mai tsarin ci 14 a mako zai koma ci 7, ya yi asarar ci 28 a wata guda, wanda a misalinmu ya kai kusan dala 360. Mai tsarin dunƙule ba ya asarar komai, ragowar tana jiransa bayan Salla. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai azumi ya fifita tsarin dunƙule a zango na biyu. Makarantu da dama suna ba da ƙunshin sahur a madadin ci ɗaya, amma sai ka yi rajista tun da wuri.

Hutu kuma uku ne ke kama baƙo ba shiri: na bikin godiya, Thanksgiving, a ƙarshen Nuwamba, dogon hutun hunturu daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu, da mako guda a Maris. 'Yan ƙasa suna tafiya gida, ɗakunan cin abinci su rufe ko su rage aiki, tsarin abinci kuma yawanci bai haɗa da waɗannan kwanaki ba. Ware kuɗinsu daban tun daga gida.

7. Zaɓa, gwada, ka gyara kafin wa'adi

Dokar da aka fi samu ita ce ƙara girman tsari ana yin sa kowane lokaci, ragewa kuwa sai a mako ɗaya ko biyun farko. Don haka ɗauki matsakaici. Daga ranar da aka fara darasi ka riƙa rubuta kowane ci a waya. Kwanakin tarbar sababbin ɗalibai ba sa cikin lissafi, domin abinci kyauta ya yi yawa a lokacin. Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika, ka duba abin da ka rubuta ka gyara. Mai tsarin dunƙule ya raba cinsa da makonni: 150 a mako 15, goma ke nan a mako. Wanda ya riƙa goga wa abokai kati a Satumba, shi ke zama da yunwa lokacin jarrabawa.

8. Karanta dokar hostel kafin ka sayi kayan aiki

Kusan ko'ina an hana rishon lantarki, da hita, da na'urar gasa burodi, da duk abin da ƙarfensa ke yin ja a fili. An hana kyandir da turaren wuta, 'yan mata su lura, kaskon turare ba shi da wuri a can. Tukunyar shinkafa ta lantarki wasu sun yarda idan tana kashe kanta, wasu sun hana. Tambayi ɗalibin da ke kula da benenku, wanda ake kira RA.

Abin da aka saba yarda da shi kuma ya wadatar:

Ƙaramin firji, mai cin lita 85 zuwa 125, dala 100 zuwa 200. Nemi wanda firizarsa ke da ƙofarta daban, shi ne ke daskarar da abu da gaske.
Maikrowef, dala 60 zuwa 100. Makarantu suna ƙayyade ƙarfinsa, galibi wat 700 zuwa 1,000.
Butar lantarki mai kashe kanta, dala 15 zuwa 25.
Babban kwanon gilashi mai murfi, robobin ajiya huɗu masu rufewa gam, wuƙa ɗaya, katakon yanka, mabuɗin gwangwani, soso da sabulun wanke-wanke.

Yi magana da abokin ɗakinka kafin ka saya, don ɗaki ɗaya firji ɗaya ake yarda da shi a wurare da yawa. Ku kuma yi maganar abin da za a ajiye a ciki tun ranar farko, cikin mutunci. Idan yana cin alade, ku raba benayen firjin, naka a sama, komai a rufe. Wasu makarantu suna ba da hayar firji haɗe da maikrowef. Kwatanta hayar shekara da kuɗin saye, kuma ka duba na hannu, domin masu kammalawa suna sayar da nasu da arha a Mayu.

Gargaɗi: kada ka ɗauko buta ko injin markaɗe daga gida. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya da Nijar 220 zuwa 230, kayanmu ba sa aiki yadda ya kamata a can. Kuma ko kusa kada ka rufe na'urar jin hayaƙi da leda ko safa. Laifi ne babba, yana jawo tara ko kora daga hostel, ga haɗarin ran ɗaruruwan mutane da ke barci a ginin.

9. Guzurin da zai wuce kwastan

Kilishi, dambun nama, soyayyen nama, duk ba sa shiga Amurka daga ƙasashenmu, ko an naɗe su da kyau. Haka ɗanyen 'ya'yan itace da ɗanyen ganye da iri na shuka. Dunƙulen ɗanɗano mai sinadarin kaza ko na sa yana iya gamuwa da ƙwace. Shinkafa ma kada a ɗauka, an hana shigo da ita a jaka daga Najeriya da Nijar saboda wani ƙwaron hatsi, ga ta kuma da arha a can.

Abin da ya cancanci nauyin jaka shi ne busasshe kuma dakakke: yaji, garin kuka, garin kuɓewa, daddawa, busasshen zogale, zoɓorodo, garin kunu, garin rogo. Irin waɗannan sukan wuce bayan an duba. Zuba kowanne a leda mai haske, ka rubuta sunansa da Turanci. Daddawa a ninka mata leda uku ko a sa ta a kwalba, in ba haka ba tufafinka sun gama ɗauka.

Gargaɗi: idan aka tambaye ka ko kana ɗauke da abinci, ka ce e, ka nuna duka. Wanda ya bayyana, iyakaci a karɓe abin da bai halatta ba. Wanda ya ɓoye aka gano, tarar tana farawa daga dala 300, kuma ba abin da mai bizar karatu zai so a rubuta masa ba ne.

10. Sayayya da girkin ɗaki

Kantin cikin makaranta ya fi tsada, a bar shi don kashe dalar abinci. Sayayyar gaske a Walmart ko Aldi ake yin ta, nama da kayan ƙamshi kuma a shagunan Larabawa, 'yan Pakistan ko 'yan Afirka. Sau ɗaya a mako biyu ya isa: shinkafa, kuskus, ots, ƙwai, wake na gwangwani, kifin gwangwani, tumatirin gwangwani, albasa, man gyaɗa na shafawa mara sukari, madarar gari, dabino, ayaba, da kayan lambu daskararru.

Shinkafa a maikrowef: kofi 1 na shinkafa wankakkiya, kofi 2 na ruwa, gishiri, a kwanon da ya ninka su girma sau uku don kada ta yi bori. Minti 5 a cikakken ƙarfi, minti 15 a rabin ƙarfi da murfi a ɗan karkace, sannan a bar ta minti 5 a rufe. Tsane waken gwangwani ka ɗauraye shi, ka juya a ciki, ka sa mai da yaji, garau-garau ya samu. Kuskus ya fi sauƙi: kofi 1 da tafasasshen ruwa kofi 1, a rufe minti 5. Dankalin Hausa a huda shi da cokali mai yatsu, minti 5 zuwa 8. Don sahur, dama cokali 2 na man gyaɗar nan da ruwa kofi 1 da rabi, ka zuba ots rabin kofi, minti 2 zuwa 3, ka matsa lemon tsami ko ruwan tsamiya. Ba kunun gyaɗar gida ba ne, amma ya kusa, kuma yana riƙe ciki.

Gargaɗi: ƙarfe da takardar alminiyam ba sa shiga maikrowef, suna tartsatsi. Ƙwai da ɓawonsa fashewa yake yi. Fasa shi a kofi ka kaɗa, daƙiƙa 30 sau biyu. Taliyar leda ba ruwa tana kamawa da wuta, kuma ita da ƙonannen gugguru ne suka fi tayar da ƙararrawar gobara a hostel.

Miya da tuwo sai a kicin na gama-gari, wanda yawancin hostel suke da shi. Yi babbar tukunya ranar Asabar, ka raba a robobi, biyu a firji, sauran a firiza. Soya attarugu da daddawa sai ka kunna fankar hayaƙi, ka wanke wurin kafin ka tafi.

11. Ajiya

Firji ya tsaya a digiri 4 na Salshiyas ko ƙasa, wato 40 a ma'aunin da suke amfani da shi a can. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje. A firji kwana 3 zuwa 4 ne iyakarsa, saboda haka rubuta ranar dahuwa a murfi. Shinkafa ta fi kowa haɗari: akwai ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe ƙwanta, idan shinkafar ta kwana a waje sai ta saki guba wadda ɗumame ba ya lalatawa. Al'adar barin tukunya a rufe har safe a ɗumama ba ta dace da ɗakin da na'urar ɗumama ke aiki dare da rana ba. Idan za ka ɗumama abu, juya shi a tsakiya, ya yi zafi har ciki yana tururi. Kayan busasshe kuma a roba mai murfi, saboda ɓera da kyankyaso.

12. Idan lissafi ya ƙwace

Abin da ke cinye kuɗin ɗalibi a ɓoye shi ne odar abinci ta DoorDash ko Uber Eats. Abincin dala 12, da kuɗin kawowa da na hidima da tukwici, yana haura 20. Ƙayyade wa kanka sau ɗaya ko biyu a wata.

Idan cinka ya kusa ƙarewa zango bai ƙare ba, kada kunya ta sa ka yi shiru. Jami'o'i da yawa suna da rumbun abinci kyauta na ɗalibai, katin makaranta kawai ake nunawa, kuma baƙi ma suna da haƙƙi. Wasu suna cikin shirin Swipe Out Hunger, inda ɗalibai ke ba da ragowar cinsu ga mabuƙata. Ofishin kula da al'amuran ɗalibai ake tambaya. Bizar karatu ta F-1 ta yarda ka yi aiki a cikin makaranta har awa 20 a mako lokacin karatu, kuma aikin ɗakin cin abinci yakan zo da ci ɗaya kyauta a duk ranar aiki. Tallafin abinci na gwamnati, SNAP, ba na masu bizar karatu ba ne, kada wani ya cika maka takardarsa.

Idan kuma ragowa ce ta yi yawa, duba abin da ya rage a katinka ana saura mako uku a rufe. Dalar abincin da za ta ƙone, saye shinkafa, madara, ots da gwangwani da ita a kantin makaranta, su ne abincin hutunka. Ragowar ci kuma ka ba da ita sadaka ta shirin makarantar, sannan ka rubuta adadin da ya rage, da shi za ka zaɓi tsarin zango mai zuwa.